Ranar da Kwamfutar Lukuman ta Saki Awaki

Kowace unguwa da nata mai cika baki, amma mu namu Allah ya haɗa masa da kwamfuta. Lukuman ke nan, wanda ya raɗa wa kansa suna Injiniya ba tare da an yanka ko zakara ba. Unguwarmu a bakin garin Bungudu take, inda katangar gida na ƙarshe ke jingine da gonar farko. A nan aka haife shi, a nan ya yi noma kamar kowa, sai dai layin shukarsa ya fi na kowa karkacewa, kuma kullum laifin ƙasar ne.

Shekara biyu da ba mu jihar Zamfara, ya tafi Gusau ya yi 'yan makonni yana koyon kwamfuta a wani shago. Ya dawo da tabarau marar magani, da biro uku a aljihu, da wata tsohuwar kwamfuta da aka yi gwanjonta, wadda ya sayar da kekensa ya saya. Ba irin mai hotunan nan ba ce. Baƙin allo ne da fararen rubutu, ka buga mata umarni ta bi. Ya girke ta a shagon ƙofar gidansu, ya lulluɓe ta da zanen matarsa Yelwa, ya hana kowa yin atishawa kusa da ita.

Abu ɗaya Lukuman yake nema a duniya, aikin ofis a Gusau. Kuma ƙofar tana hannun surukinsa, Mai unguwa Sahabi, mahaifin Yelwa. Mai unguwa yana da amini, Alhaji Yari, babba ne a wani ofis a can, kuma ana neman wanda zai riƙe musu kwamfuta. Kalma ɗaya daga bakin Mai unguwa ta isa. Shi kuwa tsohon ya san surukin nasa sarai, don haka ya ce ba zai kai sunan kowa ba sai ya ga abin da mutum ya iya da idonsa.

Ana cikin haka sai sankiran unguwa, mai yi mana shela, ya tattara ya koma Tsafe wurin ɗansa. Lukuman ya ga faɗuwa ta zo masa daidai. Ya sami majalisa ta cika a ƙarƙashin dalbejiyar ƙofar Mai unguwa, ya cire takalmi, ya durƙusa ya gaida surukinsa, sannan ya miƙe ya gyara tabarau.

"Baba, zamanin sankira ya wuce. Cikin wagga na'ura akwai wani bawa da aka cewa Kuron. Ba shi barci, ba shi mantuwa, ba shi zuwa biki. Gurbi biyar gare shi: minti, awa, kwanan wata, wata, da ranar mako. Ka cike su, ka hwaɗa mai abin da za shi yi, ka tahi ka kwanta. In lokaci ya yi sai ya aikata, ko ka mutu."

Inno mai ƙosai, tsohuwar da ba ta taɓa barin magana ta wuce ta gabanta ba, tana daga gefe tana juya kasko. Ta ce, "To in ka mutu wa za shi ce mai ya bari?"

"Inna, ba a ce mai ya bari. Wanga shi na ilimi."

"Ai ho. Mu jahilai in an ce muna bari, bari muka yi."

Aka yi dariya, Lukuman ya yi kamar bai ji ba. Ya ci gaba da bayani cewa duk gurbin da mutum bai zaɓi komai ba sai ya sa masa tauraro, tauraro kuwa yana nufin kowane: kowace rana, kowane wata. Zai ɗauki muryar Mai unguwa ya zuba a cikin na'ura, ya ɗaura lasifika a kan dogon ƙarfe, shi ke nan, shela za ta riƙa fita da kanta. Abin da ya kama tsohon ke nan, muryarsa a sama, har bayan gari.

Ranar ɗaukar murya Mai unguwa ya zo da babbar riga da rawani.

"Baba, ba hoto na ba, murya ta kawai," in ji Lukuman.

"Ko murya ta, da mutuncinta za ta hita."

Ya zauna ya fuskanci ɗan makirufo kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ya yi tari mai ƙarfi, ya ce, "Ta hwara ɗauka? To." Sannan ya yi shelar. Haka ya yi a kowace shela da aka ɗauka, tari, tambaya, sannan magana. Lukuman bai san yadda ake yanke farkon ba. Da Yelwa ta tambaye shi, sai ya ce da gangan ya bari, wannan tarin shi ne hatimi, don kada wani ya kwaikwayi muryar Baba.

Shela ta farko ta aikin gayya ce, a fito ranar Asabar da safe a yashe lambatun unguwa kafin ruwa ya yi ƙarfi. Lukuman ya sa bakwai a gurbin awa. Gurbin minti kuwa ya ga ba shi da wani zaɓi, ya danna masa tauraro.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai daidai, tarin Mai unguwa ya tashi daga saman ƙarfe har tantabaru suka watse. "Ta hwara ɗauka? To. Jama'a, Mai unguwa na gaishe ku. Kowa ya hito da shebur da hwartanya." Gaskiya abin ya burge mu. Maza suka fito, mata suka leƙo ta kan katanga. Lukuman yana tsaye a gindin ƙarfe ya harɗe hannu a ƙirji, yana karɓar gaisuwa da ka.

Ba a gama sa masa albarka ba tarin ya sake tashi. "Ta hwara ɗauka? To." Muka ce maimaici ne don na nesa. Ya sake. Ya kuma sakewa. Tauraro ya ce kowane minti, Kuron kuwa ba ya ƙetare umarni. Muna cikin lambatu har gwiwa, shebur a hannu, ana ta kiranmu mu fito da shebur. Can sai matasa suka fara amsawa. Da an ce "Ta hwara ɗauka?" sai unguwa ta ɗauka baki ɗaya, "Ta hwara, Baba!" Mai unguwa yana zaune a kan buzunsa, yana jin kansa yana tari a sama, fuskar nan tasa ta haɗe kamar hadarin gabas.

Inno ta aika masa da ƙosai mai zafi da saƙon a gaida mai tari, Allah ya ƙara sauƙi.

Sai da awa ta cika cur abin ya yi shiru don kansa. Mai unguwa ya kira surukinsa.

"Lukuman, mi na wanga?"

"Baba, sabadda kurame na. A Turai haka aka yi."

"Kurame nawa gare mu unguwag ga?"

"Yanzu dai babu, Baba. Amma ilimi gaba shika dubawa."

"In ka sake, za a samu."

Lukuman ya koma ya gyara a ɓoye, ya fito yana cewa ya rage ne don ya lura kunnuwan mutanenmu ba su kai na Turawa juriya ba.

Shela ta biyu ta motar kaya ce. Akwai wata tsohuwar roka da ke zuwa duk Alhamis da safe ta kwashi masu kai kaya Gusau. Da can sankira ke zagayawa ya ce mota ta iso. Lukuman ya ce wannan ai wasa ne. Gurbin ranar mako lamba yake so, shi kuwa ya yi karatun allo, ya san Lahadi ɗaya ce, Litinin biyu, har zuwa Alhamis biyar, sunayen ma da kansu sun faɗa. Ya buga biyar. Abin da bai tsaya ya koya ba a Gusau shi ne, ita na'urar daga sifiri take fara ƙirga Lahadi, biyar ɗinta Juma'a ce.

Ranar Alhamis mota ta zo. Direba ya yi ta danna ham, mutane suna cikin gida suna jiran muryar Mai unguwa, don Lukuman ya gargaɗe su kada kowa ya wahalar da kansa da tsayuwar bakin titi, zamani ya zo. Direba ya gaji ya ja motarsa da fasinja biyu da buhun gawayi. Washegari Juma'a da sassafe sai ga tari daga sama. "Mota ta iso, masu zuwa Gusau a hito!" Wasu suka ce ƙila an sauya rana ne. Aka kwaso kaji, da albasa, da ƙwaryar nono, aka jeru a bakin titi. Rana ta take, ba mota ba ƙurarta. Adama, matar Isma'ila makiyayi, wadda ta taho tun daga ruga, ta sauke ƙwaryarta a ƙofar shagon Lukuman.

"Injiniya, ina motar?"

"Na'ura ta ce ta iso."

"To hito ka nuna min ita, ko cikin akwatin naka ta shiga?"

"Matsalar direba ta. Bai bi jadawali ba."

"Nonona ya yi tsami tun jiya nika jira. Kai za ka sha shi, kai da akwatin."

Ta kuwa zauna a ƙofar shagon har sai da ya shanye ludayi huɗu a gaban jama'a, yana yamutsa fuska yana cewa tsami ai shi ne lafiyar nono.

Daga nan mutane suka daina kula lasifikar. Lukuman ya gyara lambar rana, ya ce tun farko gwaji yake yi. Da aka ɗauke wuta wata safiya shela ba ta fita ba, ya kinkimo batirin babbar mota ya haɗa mata, ya yi rantsuwa cewa yanzu ko duniya ta yi duhu Kuron zai yi magana. Amma ranar da masu allurar shanu suka zo, shela ta fita daidai, a kan lokaci, ba kuskure ko ɗaya, babu wanda ya motsa. Kowa ya ce akwatin Lukuman ne ya tashi da ciwonsa.

Wannan ya ƙona ran Mai unguwa fiye da tarin. A yi masa dariya ya jure, amma a ji muryarsa a ci gaba da shan fura, wannan bai taɓa faruwa ba tun da aka naɗa shi. Ya tara unguwa maza da mata, ya buga sanda a ƙasa.

"Muryar da kuka ji bisa ƙarhen ga tawa ta. Wanda yaƙ ƙi ta, ni yaƙ ƙi. In ta ce a hito, a hito. In ta ce a zamna, a zamna. Ban son in ji wani ya ce bari in tambaya."

Lukuman ya koma gida ya maimaita wa Yelwa hukuncin har sau uku, don ita ce kan gaba wajen yi masa dariya.

"Kin ji dai abin da Baba yac ce. In ta yi magana, ki bi."

"Ko mi tac ce?"

"Ko mi tac ce. Ba ta kuskure, mutane ka kuskure."

"To, Injiniya. Na riƙe."

Abin haushi, daga ranar na'urar ta shiryu. Mota ta zo, shela ta fita. Ranar yashe lambatu, sau ɗaya tak ta kira. Har Inno ta fara zuba ƙullunta da jin tarin safe. Mai unguwa ya sauko, ya aika wa Alhaji Yari cewa ya zo ya ga abin da surukinsa ya ƙera. Alhaji ya aiko cewa zai shigo wata Asabar a tsakiyar Agusta.

Kan Lukuman ya kumbura har hularsa ta fara yi masa kaɗan. Ya ce shelar mako-mako aikin yara ce, shi yanzu shekara guda zai tsara gaba ɗaya, Alhaji ya zo ya tarar an gama da bana. Babbar shelar shekara a wurinmu kuwa ita ce ta sakin dabbobi. Da an yi shuka ake ɗaure kowace akuya da tunkiya a turke, a yi ta yanko musu ciyawa damina guda, ba a sakinsu sai an kwashe amfanin gona kaf, Mai unguwa ya yi shela. Wanda ya saki tasa kafin nan, shi da maƙwabta sai a gaban hukuma.

Aka sake sa babbar riga, aka sake tari, aka ɗauki shelar saki. Lukuman ya tambayi surukinsa ranar da za a sa.

"Bana sai tsakiyar Sha'aban, in an gama kai dawa gida," in ji Mai unguwa.

Lukuman ya ƙirga a yatsunsa daga Muharram, ya tsaya a kan na takwas. Ya buga sha biyar a kwanan wata, takwas a gurbin wata, goma a gurbin awa. Da ya zo kan minti sai ya ɗan yi jim, ya ce wannan shela ce mai girma, ta cancanci kurame ma su ji, ya mayar da tauraronsa.

Isma'ila makiyayi yana tsaye a bakin ƙofa, sanda a wuya. Ya ce, "Injiniya, ita wagga aba tana ganin wata?"

"Kahin ku gan shi ta gan shi. Ko da hadari."

Isma'ila ya jinjina kai, mu ma muka jinjina. Ita kuwa baiwar Allah ba ta taɓa ɗaga kai ta dubi sama ba. Watannin Bature kaɗai ta sani, na takwas a wurinta Agusta ne, kuma sha biyar ga Agusta ita ce Asabar ɗin da Alhaji Yari zai zo.

Ranar ta zo da sanyin ruwan da aka kwana ana yi. Gero ya fitar da kai, wake ya yi yaɗo ya rufe ƙasa, gyaɗa ta yi kore shar har bakin katangu. Babu wanda ya je gona, duk maza suna ƙofar Mai unguwa an shimfiɗa tabarmi. Alhaji Yari ya iso da farar mota da farar shadda, mutum mai sanyin magana da yawan kallo. Lukuman ya sa kwat a kan kaftani, ya ƙara biro ɗaya.

Bayan an gaisa aka ba shi fili. Ya yi bayanin gurbi biyar, ya yi bayanin tauraro, ya kawo batun batiri.

"Alhaji, ni yanzu ko barci nika yi aiki na tahiya. Na tsara unguwag ga har ƙarshen shekara. In an ba ni jiha, mako guda ya ishe ni."

"Ba ta kuskure?" in ji Alhaji.

"Alhaji, in ta yi kuskure a canza min suna."

Bai rufe baki ba tari ya tashi daga sama. Lukuman ya duba agogo, ya ɗan yi mamaki, don bai san da wata shela a yau ba. Amma ya murmusa ya nuna lasifika da hannu kamar shi ya shirya.

"Ta hwara ɗauka? To. Jama'a, Mai unguwa na gaishe ku. An kai amhwani gida lahiya. Kowa ya saki bisashenai!"

Alhaji Yari ya juya ya dubi geron da ke kaɗawa a bayan katanga, ya juyo ya dubi amininsa. Mai unguwa ya ɗaga kai ya zura wa lasifika ido.

A cikin gidaje kuwa babu mai ganin fuskar Mai unguwa, muryarsa kawai ake ji. Mata sun gaji da ɗawainiyar ciyawa da kukan awaki tun farkon damina, ga kuma hukuncin da aka buga sanda a kansa. Wata ta ce ƙila baƙon Gusau ne ya zo da sabuwar doka. Wata ta ce ita dai ba za a ce ta ƙi Mai unguwa ba. Ƙofar da ta fara buɗewa ta gidan Lukuman ce. Awaki shida suka fito a guje da ragon layya a bayansu, Yelwa ta leƙo da igiyoyi a hannu.

"Yelwa! Mi kika yi haka?"

"Kai kac ce ko mi tac ce in bi, Injiniya."

Dabbar da ta yi wata uku a turke tana hango kore ta kan katanga ba ta neman a nuna mata hanya. Na gidan Lukuman suka miƙe sak gonar waken Mai unguwa, don ita ce mafi kusa. Na sauran gidaje da suka ji 'yan'uwansu a waje suka fara tsinke igiya da kansu. Kafin ka ce me, lungu ya cika da awaki da tumaki, har da jakin wani da babu wanda ya san wa ya kwance shi.

Mai unguwa ya miƙe, rawani ya karkace, ya ɗaga murya iya ƙarfinsa. "Kada a saki! Kada wanda ya saki!"

Minti ya cika. Daga sama, da murya ninki goma, Mai unguwa ya yi tari ya ce, "Kowa ya saki bisashenai!"

"Ƙarya ta! Ban ce ba!"

"Ta hwara ɗauka? To."

"A ɗaure, nic ce! A ɗaure!"

"An kai amhwani gida lahiya."

Inno ta taso da matsamin ƙosai a hannu ta tsaya a gabansa. "Mai unguwa, don Allah ku daidaita tsakaninku. Na bisa ya ce a saki, na ƙasa ya ce a ɗaure. Wane za mu bi?"

"Ni za ku bi!"

"To ai shi ma kai na. Kuma ya hi ka murya."

Maza suka watse cikin gonaki da sanduna da riguna a hannu. Wanda ya kori akuya daga gyaɗarsa sai ta faɗa ta maƙwabcinsa, maƙwabci ya koro ta ta dawo da ƙawaye biyu. Liman ya kama wata tunkiya ta ƙafar baya, ta ja shi cikin taɓo. Wani bunsuru ya haye kan farar motar Alhaji ya tsaya yana kallon gari. Isma'ila kaɗai ke dariya, ya jingina da dalbejiya yana cewa yau dai ba shanun Fulani suka yi ɓarna ba, a shaida.

Mai unguwa ya damƙi kwat ɗin surukinsa, abin da bai taɓa yi ba. "Kashe ta!"

"Baba, ba a kashe ta haka nan, sai an bi matakai. In anka yi garaje tana iya lalacewa."

"Wake na ka lalacewa! Kashe ta!"

Lukuman ya ruga shago, mu muka bi shi, Alhaji Yari ma ya biyo a hankali yana tattare shadda. Lukuman ya zauna gaban allo, ya buga kalmar sirri, na'ura ta ƙi. Ya sake bugawa, ta ƙi. Ashe ya sauya ta daren jiya don kada mahassada su taɓa masa aiki kafin baƙo ya zo, sabuwar kuma ta gudu daga kansa. Wani ya fizge wayar wuta daga bango. Muka saurara. Tari ya tashi lafiya lau, batirin babbar mota yana aikinsa.

"Kun gani?" in ji Lukuman, har da ɗan murmushi. "Na hwaɗa muku ko an ɗauke wuta."

Ban taɓa ganin Mai unguwa ya yi gudu ba sai ranar. Ya karɓi adda a hannun wani, ya zagaya gindin ƙarfe, ya sare wayar lasifika da sara ɗaya. Muryarsa ta sama ta tsaya a tsakiyar tari.

Sai bayan azahar aka gama kamun dabbobi, aka yi ta rigimar wace akuya ce ta wa. Gero ya sha da ƙyar don ya yi tsawo. Gyaɗa ta ji jiki. Gonar waken Mai unguwa kuwa, wadda yake kai baƙi su gani, ta koma kamar an share ta da tsintsiya. Tsohon ya tsaya a bakinta yana kallo, abin har ya ba ni tausayi.

Aka dawo ƙarƙashin dalbejiya, kowa da taɓo har gwiwa. Lukuman ya durƙusa a gaban surukinsa, gilashin tabarau ɗaya ya fita, amma bakin yana nan.

"Baba, in an duba da kyau, na'ura ba ta yi kuskure ba. Sha biyar ga watan takwas anka ce mata, sha biyar ga watan takwas ta yi. Watan nata na daban da namu."

"Da kac ce tana ganin wata ko da hadari?" in ji Isma'ila.

"Tana gani. Na Turai taka gani."

Mai unguwa bai ko dube shi ba. Ya juya ga amininsa ya ce, "Alhaji, ka gani da idonka. Ban da abin cewa."

Alhaji Yari ya miƙe, ya kakkaɓe shaddarsa da ta koma ruwan ƙasa, ya nufi mota. Direbansa yana goge sawun kofato a kan gaban motar. Lukuman ya bi shi da sauri har da riƙe masa ƙofa.

"Alhaji, batun aikin hwa? Yaushe za ni hwara?"

Alhaji ya dube shi, ba fushi a fuskarsa. "Lukuman, ka san aikin da muka so ka riƙe?"

"Kwamfuta, Alhaji."

"Kwamfutar da za ta riƙa hwaɗa wa ma'aikata ranar da za a buɗe ƙohohin madatsar ruwa, a sako ma masu noman rani. Ƙauyukka na nan ƙasan ta." Ya nuna lungun da ake jan akuya ta ƙarshe tana turjewa. "Nan awaki kas saki, an kama su. Can in kas saki, wa za shi kamo muna?"

Ko Inno ba ta yi dariya ba. Lukuman ya gyara abin da ya rage na tabarau, ya yi ƙoƙari na ƙarshe.

"Amma dai Alhaji ka shaida, ko minti guda ba ta makara ba."

"Na shaida," in ji Alhaji Yari, ya ja ƙofa ya rufe. "Shi ya hi ba ni tsoro."